Sankarar Hanta: Sojojin Jiki Da Ke Cikin Ƙari Na Nuna Wanda Zai Daɗe Bayan Tiyata

Shekara da shekaru ke nan ina karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyon da nake aiki, kuma duk wanda ya daɗe a kan wannan kujera zai fara lura da wani abu da ba ya cikin takardar da ake miƙo masa. Takarda za ta ce wane ya rasu bayan ƴar gajeriyar rashin lafiya, ya bar mata biyu da ƴaƴa tara. Sai ka je gaisuwa ka tambayi abin da ya same shi, a ce maka ai ciki ne. Ya fara da jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, abinci ya fita ransa, ya rame, ciki ya kumbura, idanu suka yi rawaya, kafin wata uku an kai shi makwancinsa. Kuma ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne masu ƙarfi a jika, masu rumfa a kasuwa, masu lodin hatsi da dabbobi tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Ƙonni da Illela, waɗanda iyali da yaran shago ke ci daga hannunsu. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu ne. Sau da yawa sunan abin a wurin likita shi ne ciwon dajin hanta, wato sankarar hanta.

Abin da ya sa na ɗauko maganar a wannan shafi, tambaya ce da wani mai saurare ya yi a filinmu na kiwon lafiya. Ya ce wansa da wani abokin kasuwancinsa cuta ɗaya aka gano musu, ƙarin da ya tsiro a hantarsu kusan girmansa ɗaya, dukansu biyu suka sayar da kadara suka fita waje aka yi musu aiki aka cire. Na wan nasa ya dawo kafin shekara ta zagayo, ya rasu. Ɗayan kuwa ga shi nan yana harkokinsa, shekara ta shida ke nan. Shin likitan ne bai iya ba, ko kuwa akwai wani abu a ƙasa? Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce kwana ya ƙare, kuma ba mai ja da wannan. Amma su ma likitoci sun daɗe suna yi wa kansu wannan tambaya ta fuskar sababi, kuma wani ɓangare na amsar sun same shi ne a cikin ita tsokar da ake yankowa, idan aka sa ta ƙarƙashin madubin likita.

Ashe ƙari, wato ƙullutun da sankara ke tsirarwa, ba ƙwayoyin daji ne zalla a cikinsa ba. Akwai jijiyoyin jini, akwai kuma ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda muka saba kira sojojin jiki. A wani ƙarin za a tarar sun cika shi maƙil, a wani sun tsaya a bakin iyaka ba su shiga ba, a wani kuma da ƙyar za a ga ɗaya. Wannan bambanci yana da alaƙa da tsawon ran majiyyaci.

Hanta tashar duwan ce

Kafin mu shiga binciken, bari mu dubi ita hantar. Nauyinta a jikin baligi ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma kusan duk abin da hanji ya tsotsa daga abincin da muka ci, da ruwa da magani da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta, wata babbar jijiya ce ke kwaso shi ta kai shi hanta kafin ya wuce sauran jiki. Ɗan kasuwar kan iyaka ba ya buƙatar dogon bayani a nan: hanta tashar duwan ce da kaya ke wucewa dare da rana. Idan ma'aikatan tasha suka ɗauki kowane buhu a matsayin kayan laifi, to kasuwa ta tsaya. Saboda haka sojojin da ke hanta an halicce su da sassauci, ba su cika tayar da faɗa a kan baƙon abu ba.

Wani likitan fiɗa na Jami'ar Kambirij a Ingila, Roy Calne, ya nuna wannan sassauci a 1969. Ya lura cewa idan aka dasa wa alade hantar wani alade, sau da yawa jiki yana karɓar ta ba tare da an ba shi maganin danne garkuwa ba, alhali fata ko ƙoda idan aka dasa, jiki fatali yake yi da su. Wannan hali alheri ne ga mai cin abinci, amma kuma kafa ce da ɓarayi biyu ke bi: ƙwayar cutar hanta nau'in B, da kuma sankara.

Su sojojin jiki iri-iri ne, amma uku sun ishe mu a wannan bayani. Akwai ƙwayoyin T masu kisa, waɗanda likitoci ke yi wa lamba CD8. Aikinsu shi ne su bi ƙwayoyin jiki ɗaya bayan ɗaya suna duba shaidarsu, wadda suka ga ta gurɓace su huda ta, su zuba mata dafi ta mutu. Akwai ƙwayoyin T masu tsawatarwa, ana ce musu Treg, su ne masu cewa a tsaya haka nan, don kada soja ya juya ya afka wa mutanen gari. Wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, shi ya bayyana su a 1995, kuma a 2025 an ba shi kyautar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka saboda wannan aiki. Na uku su ne manyan ƙwayoyi masu haɗiye shara da ƙwayoyin cuta, ana kiran su makrofaj. Hanta cike take da su.

Mutum 11 a Kurume, mutum 302 a Shanghai

A 1998 likitocin Jami'ar Kurume da ke kudancin Japan sun buga sakamakon wani bincike da har yau ake ambato. Sun duba ƙari 163 da aka cire wa majiyyata, dukansu ƙanana, ƙasa da santimita 3. A cikin 11 daga ciki sun tarar sojojin jiki sun yi dafifi, akasarinsu ƙwayoyin T, sauran 152 kuwa babu irin wannan taro. Ta fuskar shekaru da gwajin jini da hoton ciki ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin rukunin biyu ba, wato kafin aiki likita ba zai iya cewa ga wannan ga wancan ba. Amma da aka bi su shekaru, sai ga shi cutar ta dawo wa mutum ɗaya tak daga cikin 11 ɗin, a ɗaya rukunin kuwa ta dawo wa kusan rabi. Bayan shekara biyar dukan mutum 11 ɗin suna raye, alhali a ɗaya rukunin kashi 65 cikin 100 ne suka kai.

Mutum 11 ba su da yawa, kuma duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san ba a yanke wa buhu hukunci da ɗan abin da tafin hannu ya ɗebo. Shi ya sa binciken da ya fi nauyi a wurina shi ne na asibitin Zhongshan na Jami'ar Fudan da ke Shanghai a ƙasar Sin, wanda aka buga a 2007. Ƙasar Sin ta yi kama da mu a wannan fanni, domin can ma ƙwayar cutar hanta nau'in B ce kan gaba wajen haddasa sankarar. Sun ɗauki tsokar mutum 302 da aka yi wa aiki, suka rina ta da wasu sinadarai masu nuna kowane irin soja da launinsa, suka ƙirga.

Abin da suka samu ya gyara fahimtar farko. Yawan sojoji kaɗai bai isa ba, sai an duba su wane ne suka fi yawa. Majiyyatan da ƙarinsu ke da masu kisa da yawa, waɗanda ke cikin shirin faɗa, masu tsawatarwa kuma kaɗan, kashi 64 cikin 100 nasu suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda nasu ya kasance akasin haka, masu tsawatarwa sun yi yawa, masu kisa kaɗan, kashi 24 ne kacal suka kai shekara biyar. Cuta ɗaya, asibiti ɗaya, aiki iri ɗaya, amma a rukuni guda kusan mutum biyu cikin uku sun rayu, a ɗaya kuwa mutum ɗaya cikin huɗu.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Wuƙar likita tana cire abin da ido da na'ura suka gani ne. Sankarar hanta kuwa tana da halin kutsawa cikin ƙananan jijiyoyin jini, ta watsa ƴaƴanta a sauran hantar tun kafin a gan su. Idan jiki ya riga ya gane maƙiyin, yana da sojojin da suka san kamanninsa, su za su bi ragowar su share bayan aiki. Idan kuwa ƙarin ya riga ya tara masu tsawatarwa a kewayensa, ragowar za su tsiro ba mai ce musu kanzil. Ita sankara takan fitar da wasu sinadarai da ke jawo masu tsawatarwan zuwa gare ta, kamar ɗan fasa-ƙwaurin da ya san wanda zai gani a ofis don a ce wa na kan hanya su kau da kai.

Su ma makrofaj ana iya saye su. Wani binciken daga wannan asibiti na Shanghai, a 2008, ya nuna cewa idan suka taru da yawa a cikin hantar da ke kewaye da ƙari, cutar ta fi saurin dawowa, majiyyaci kuma bai cika daɗewa ba. Maimakon su haɗiye maƙiyi, sai su koma taya shi shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi.

Inda soja ya tsaya ma magana ce

Kowa ya san kaluluwa, ƙullutun da ke fitowa a matsematsi ko hammata idan mutum ya ji rauni. Wannan barikin sojojin jiki ne, inda suke taruwa ana nuna musu maƙiyi. To, wani lokaci jiki yakan gina ƙananan barikoki irin wannan a cikin ƙarin kansa. Likitocin asibitin Henri Mondor da ke Créteil, kusa da Paris a Faransa, sun duba majiyyata 273 da aka yi wa aiki, suka buga sakamakon a 2019. Sun sami irin waɗannan barikoki a kusan rabin ƙarin da suka duba, kuma masu su ba su cika samun dawowar cutar cikin shekaru biyun farko ba.

Sai dai ga abin mamaki. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa idan irin waɗannan barikoki suka kafu a cikin hantar da ba ƙari, wadda ta daɗe tana fama da kumburi, suna iya zama sheƙar da sabuwar sankara ke ƙyanƙyashewa. Wato abu ɗaya ne, a cikin ƙari alheri, a wajensa haɗari. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani game da cutar hanta nau'in B: ita ƙwayar cutar da kanta ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta ba, sojojin jiki ne ke kashe su a ƙoƙarin kawar da ita. Yaƙin ba ya ƙarewa, shekara ashirin, talatin ana rushewa ana ginawa, har hanta ta cika da tabo ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma a cikin wannan rushe-rushe da gine-gine ne ake samun ƙwayar da ta kauce hanya. Sojan da ya jawo ɓarnar da hannunsa, shi ne kuma ake fatan ya yi ceto daga baya.

A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Josep Llovet, wanda ke aiki a Barcelona da New York, ta tantance samfurin ƙari 956. Ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke ɗauke da alamun cewa sojojin jiki sun shiga sosai. Kuma ko a cikin waɗannan, wasu sojojin a tsaye suke, wasu sun gaji. Gajiyar nan ba salon magana ba ne, haka likitoci ke kiran ta. Ƙwayar T da ta shekara tana ganin maƙiyi ɗaya ba ta yi nasara ba, takan fito da wani makunni a jikinta mai suna PD-1, wanda idan aka danna shi sai ta ajiye makami. Ƙwayoyin sankara sun iya danna wannan makunni. Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto ne ya gano shi a 1992, kuma a 2018 ya raba kyautar Nobel da James Allison na Amurka, wanda ya yi aiki a kan wani makunnin mai kama da shi.

Maganin da ke tayar da sojan da ya gaji

Daga nan ne aka sami sababbin magunguna. Ba su kashe sankara da kansu, makunnin suke toshewa don sojan ya farka. Kafin zuwansu, wanda cutarsa ta wuce a yi masa aiki ba shi da wani abin kirki sai ƙwayar sorafenib, wadda a gwajin da aka buga a 2008 ta ɗaga matsakaicin kwanakin majiyyata daga wata 7.9 zuwa wata 10.7. Fiye da shekara goma ba a sami wanda ya doke ta ba. A 2020 aka buga gwajin da aka yi da mutum 501, inda aka haɗa atezolizumab, mai toshe hanyar danna makunnin, da bevacizumab, mai hana ƙari shimfiɗa jijiyoyi. Bayan shekara ɗaya kashi 67 cikin 100 na masu karɓar haɗin suna raye, na masu shan sorafenib kuwa kashi 55. Da aka ci gaba da bibiya, matsakaicin ya kai wata 19.2 a kan wata 13.4. Wani haɗin kuma, durvalumab da tremelimumab, ya nuna a rahoton 2024 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yana raye bayan shekara biyar, a kan ɗaya cikin goma na sorafenib.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma kada mai karatu ya ɗauka an sami waraka. A gwajin 2020 ɗin, kusan mutum uku cikin goma ne ƙarinsu ya ragu sosai. Ana kyautata zaton cewa wanda ƙarinsa babu soja a ciki tun farko, toshe makunni ba zai yi masa amfani mai yawa ba, tunda ba wanda za a tayar. Maganin yana da nasa haɗarin, domin sojan da aka cire wa linzami yana iya afka wa hanji ko huhu ko ita hantar. Sa'annan waɗanda aka sa a waɗannan gwaje-gwaje, mutane ne da hantarsu ke da sauran ƙarfi. Ga kuma kuɗi: ana ɗura maganin ta jijiya kowane mako uku, kuma a Amurka kuɗin zama guda dubban daloli ne, wato miliyoyin sefa. Mutum nawa ne a kasuwanninmu za su iya wannan har shekara?

A nan zan ɗan ratse. Tun da kalmar garkuwar jiki ta shiga bakin jama'a, masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa sun karɓe ta hannu bibbiyu. Kowace kwalba yanzu tana ƙarfafa garkuwa, tana wanke hanta. Duk abin da na zayyana a sama ba shi da alaƙa da wannan. Maganar a kan wane irin soja ne, a wane wuri, a cikin wane hali, kuma ba a ganin wannan sai an yanko tsoka an rina an ƙirga. Babu jiƙo ko garin da aka tabbatar yana tura ƙwayoyin T cikin ƙari. Abin da aka tabbatar shi ne, duk abin da aka haɗiya hanta ce ke fara karɓar sa, kuma hantar da ta riga ta raunana, haɗe-haɗen da ba a san me ke ciki ba na iya ƙarasa ta.

Mu ina muka tsaya?

Idan mai karatu ya lura, majiyyatan Kurume da Shanghai da Créteil abu ɗaya ya haɗa su: an gano cutarsu da wuri har aka iya yi musu aiki. Wato sun isa matakin da za a tambayi halin sojojin jikinsu. Mu kuwa akasarinmu ba mu isa can. A 2017 wata ƙungiyar likitocin Afirka ta buga bayanan majiyyata 2,566 daga ƙasashe tara. Masar ita kaɗai tana da 1,251, sauran 1,315 daga Najeriya da Gana da Kot Dibuwa da Kamaru da Sudan da Habasha da Tanzaniya da Uganda. A Masar kashi 76 cikin 100 sun sami maganin da aka yi don sankarar, a sauran ƙasashen kashi 3 ne. Matsakaicin shekarun majiyyaci a Masar 58, a sauran 46. Matsakaicin abin da suka rayu bayan an gano cutar, a Masar kusan wata 11, a sauran wata biyu da rabi. Wata biyu da rabi: ga gajeriyar rashin lafiyar da nake karantawa a rediyo.

Saboda haka amsar da zan ba mai tambayar nan ita ce, ba lallai likitan wansa ya yi kuskure ba. Mutum biyu na iya ɗaukar ƙari mai girma ɗaya, amma abin da ke gudana a cikinsu ya sha bamban, ban da sauran abubuwa kamar ko ƙarin ya riga ya shiga jijiya da kuma lafiyar ragowar hantar. Kuma waɗannan alƙaluma na rukunin jama'a ne, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba, tunda ko a rukunin da ya fi sa'a a Shanghai kashi 36 ba su kai shekara biyar ba. Amma su biyun nan, da wanda ya rasu da wanda ya rayu, duk sun sami damar da mafi yawan masu wannan cuta a yankinmu ba su samu.

Hanta ba ta da saurin kuka. Tana iya ci gaba da aiki alhali ɓarna ta yi nisa, kuma ƙari ɗan santimita 2 ko 3 ba ya ciwo. Hanya ɗaya ta kama shi a wannan mataki ita ce a san wanda ke cikin haɗari a riƙa duba shi, kuma a wurinmu wannan na nufin mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka. Binciken ƙasa da Najeriya ta yi a 2018 ya sami kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato kusan mutum ɗaya cikin 12. Ka dubi layin rumfunanku ka ƙirga. Alaƙarta da sankara ba zato ba ce: a Taiwan, Palmer Beasley ya bi ma'aikatan gwamnati maza 22,707, ya buga a 1981 cewa masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran haɗarin sankarar hanta ninkin-ba-ninkin.

Akasarin masu ɗauke da ita tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, daga uwa a wajen haihuwa ko ta jini tsakanin yara, ko ta aska da reza da allurar da ba a tsabtace ba. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma, saboda sojojin jikinsa sun ɗauke ta ƴar gida. Baligin da ya kamu kuwa, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zaune wa. Shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, sa'annan a cika da allurar penta a mako na 6 da na 10 da na 14. Taiwan ta fara wannan rigakafi a 1984, kuma zuwa 1997 an riga an ga sankarar hanta ta ragu a tsakanin yaranta.

Ga baligi, gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin ƴan mintoci. Wanda aka samu da ita, likita zai duba ko yana buƙatar ƙwayar tenofovir, wadda ake sha sau ɗaya a rana. Ba ta fitar da cutar kwata-kwata, amma tana danne ta, yaƙin da ke cin hanta ya lafa, haɗarin sankara ya ragu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara shan ta don ta isa ga mutane da yawa. Wanda kuma likita ya ga yana cikin haɗari, musamman mai hantar da ta yi tabo ko wanda aka taɓa yin cutar a gidansu, ana so a yi masa hoton ciki duk wata shida, wanda a wannan ɓangaren iyaka ake ce wa eko, a wancan kuma sikanin, tare da gwajin jini mai suna AFP.

Akwai abu na biyu da ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye, wato hunhunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka zuba su a buhu ba su gama bushewa ba, ko aka jibge su a sito mai laima. Tana fitar da dafi mai suna aflatoksin, wanda aka fara ganowa bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil. Dafin yana lalata wata ƙwayar gado a hanta wadda aikinta shi ne taka wa sankara birki, kuma dahuwa ko suya ba su kashe shi. Wani bincike a Shanghai a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa wanda ya haɗa ƙwayar cutar B da wannan dafi, haɗarinsa ya kai kusan ninki 60 na wanda ba shi da ko ɗaya. Mu kuma mun san inda gyaɗar da aka tsince, mai baƙi da ɗaci, take zuwa. Ba a zubar da ita. Mai kyau a ɗora wa mota ta tafi, ragowar a sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli da mai, ko a kai gida a yi miya.